Yankan da Herlé Bai Cika Ba

Herlé Gonidec kafintan jiragen ruwa ne a Tréboul, ɓangaren garin Douarnenez da ke hayin kogi. An haife shi a shekarar 1946, ya rasu a 2011, kuma in ka cire watanni huɗu da ya yi a asibiti, bai taɓa yin mako guda cur a wajen garin ba. Mahaifinsa ya tafi kamun kifi wajen gaɓar Muritaniya lokacin Herlé yana da shekara shida, teku ba ta dawo da shi ba. Mahaifiyarsa Naig ce ta rene shi da aikin masana'antar kifin gwangwani, inda ta yi shekara arba'in da ɗaya a tsaye tana cire kawunan sardin. Ni na san shi tun ina sabon zuwa, da aka ɗauke ni aikin sikeli a rumfar gwanjon kifi. Shi ne mutum na farko a garin da ya kira ni da sunana, Barnaba. Sauran duk Mai Sikeli suke ce mini, har yau.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son surutu, ba ya son ofis. Idan takarda ta zo masa, sai ya danne ta da gwangwanin ƙusa har ranar da Tudi zai zo ya karanta masa. Tudi Kerivel ɗan ƙanen Naig ne. Uwarsa ta rasu yana da shekara tara, Naig ta ɗauko shi ta haɗa da nata, kwano ɗaya, ɗaki ɗaya. Herlé ya girme shi da shekara bakwai, don haka Yaya yake ce masa, Naig kuwa Inna. Tudi ne ya samu karatu. Ya zama malamin lissafi a wata sakandare a Quimper, ya iya sa kwat, ya iya magana da manya.

Duk bayan shekara biyu ake yin wani tsere na ƙananan jirage masu tafiya da iska, tsawon kowanne mita shida da rabi, mutum ɗaya tak a ciki, daga gaɓarmu har tsibiran da ke ƙetaren Atlantika. Kusan wata guda ne a kan ruwa. Shekara da shekaru Herlé yana gyara wa samarin birni jiragensu na wannan tsere, ya ɗaure musu abin da ya kwance, ya tsaya a bakin kwata, inda ake ɗaure jirage, ya ga tafiyarsu. Da ya cika shekara arba'in da biyar, sai ya ce shi ma zai ƙera nasa. Tudi ya ce zai ɗauki nauyin takardu. Suka shirya cewa Herlé ne zai fara tafiya, bayan shekara biyu Tudi ya tafi da jirgin. A kan teburin Naig aka yi maganar, ana cin kifi da dankali, ita kaɗai ce shaida. Duk takardun jirgin da sunan Tudi aka yi su, don Herlé ya ce shi ba zai je ya tsaya a layi ba.

Shekara uku ya yi yana ƙirar nan a rumfarsa, bayan ya tashi aiki, da ranar Lahadi bayan an fito coci. Siraran katako ne ake jerawa da gam, rufi a kan rufi. Komai sai ya kawo mini na auna masa kafin ya shiga jirgi: kusoshi, igiya, tukunya, cokali. Buroshin goge baki ma sai da ya yanke rabin mariƙinsa, ya kawo na auna, na ce masa ya rage giram shida, ya tafi yana murna. Ya sayi agogon dafa ƙwai don koyon barcin minti ashirin, domin mai tafiya shi kaɗai in ya wuce haka yana iya farkawa a ƙarƙashin wani babban jirgin kaya. In ka shiga rumfar da rana sai ka tarar da shi kwance a kan falanki, agogon a kan ƙirjinsa. Da tsakar rana kuma yakan hau katangar maƙabarta ya auna tsayin rana da na'urar ma'aikatan jirgi, sannan ya zauna ya yi ta fama da lissafi har ya gano inda yake. Da farko lissafinsa yakan kai shi tsakiyar Sifen. Mutane suka riƙa tambayarsa labarin can.

Naig ta rasu a watan Fabrairu na 1994. Mako guda bayan jana'iza Herlé ya buɗe gwangwanin shuɗin fenti, ya rubuta sunanta a bayan jirgin da gefensa biyu. Harufa huɗu ne, amma yini guda ya yi a kansu. Ban taɓa ganin rubutun hannu mai tsabta irin wannan ba, kuma ni na yi makaranta a wurin mutanen da ke dukan yatsa a kan harafi ɗaya da ya karkace.

A watan Nuwamba na shekarar, zarton inji ya kama hannunsa na dama. Yatsu biyu suka tafi, na uku ya sandare, ciwon kuma ya ruɓe, aka riƙe shi a asibiti a Brest har wata huɗu. Tudi yana zuwa duba shi duk Asabar da kek ɗin man shanu a takarda. A cikin waɗannan watanni aka buɗe rajistar tseren. Tudi ya sa sunan kansa. Ya kuma samo wani kamfanin biskit da ake kira Kervao, wanda ya yarda ya ba shi sababbin ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, da kayan ceto, da sharaɗin jirgin ya ɗauki sunan kamfanin. Ko ɗaya daga cikin wannan bai gaya wa Herlé ba.

Ranar da aka sallame shi, daga tashar mota bai biya gida ba, rumfa ya nufa da jakarsa. Ina tare da shi, ni na je tarbarsa. Muka tarar da jirgin ya koma rawaya tun daga goshi har baya, an manna masa manyan jajayen harufa: Biskit Kervao. Herlé ya ajiye jaka, ya je ya shafa bayan jirgin da hannun hagu. Ya daɗe yana shafawa. Ba rufe sunan aka yi da fenti ba. Kankare shi aka yi da sanfefa har aka kai katako, wurin ya ɗan lotsa.

Tudi ya iso da yamma da bayanai. Ya ce babu likitan da zai sa hannu a takardar mai irin wannan hannu. Ya ce in aka jira shekara biyu jirgin zai tsufa a rumfa, sababbin ƙira su wuce shi. Ya ce Inna mace ce mai hankali, da tana raye ita za ta fara cewa a karɓi kayan kamfani. Herlé ya bar shi ya gama.

"Tafiyar, ka ci, na bar maka," in ji shi. "Amma wa ya ba ka sanfefa?"

Washegari Herlé ya kwashe kayan aikinsa daga rumfar, ya koma kan wani ɗan kwalekwalensa mai inji, yana kamun kifi da ƙugiya da hannun hagu. Ba ya zagi, ba ya kai ƙara. Masuntan tashar ne suka ɗaukar masa faɗan. Suka sa wa jirgin suna Gwangwani, in Tudi ya wuce sai wani ya tambaye shi ko an sa masa sukari isasshe.

To, akwai al'ada a nan game da sauya sunan jirgi. Sun ce ranar da aka raɗa wa jirgi suna ake haifar masa macijinsa, makwi, wanda ke bin sa a baya cikin sawun kumfar da yake bari a kan ruwa. In aka sauya suna, an haifi na biyu ke nan, su biyun su yi ta faɗa, jirgi ne ke shan wuya. Saboda haka sai a kashe tsohon. Mai jirgi zai fita da shi, ya tsiyaya giya mai kyau ta baya har macijin ya bugu, sannan jirgin wani amininsa ya zo ya yanka sawun sau uku, dab da jirgin, a busa ƙaho. A tasharmu mai jirgi ba ya waiwaye har sai ya ji ƙahon. Fada-fadan da suka koyar da ni a mishan da camfi za su kira wannan, haka shi ma Tudi ya kira shi. Amma mutumin kamfanin biskit ya ji labarin, ya ce lallai a yi, yana son hoto a jarida.

Tudi ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce injinsa na tari, wancan ya ce surukarsa ba ta da lafiya. Ana haka wata rana a mashayar bakin kwata, Herlé ya ajiye kofinsa na giyar tuffa ya ce shi zai yanka masa. Tsoho Jakez Doaré, wanda ya fi kowa shekaru a cikin masuntan, kuma shi ake tambaya duk abin da ya shafi al'ada, ya gyaɗa kai ya ce ai dama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai idonsa ya sauka a kan hannun Herlé, ya kama bakinsa.

Da Tudi ya ji, har hawaye ya yi. Ya ce ya san Yaya ba zai riƙe shi ba.

Herlé ya zo ya same ni a rumfar gwanjo ya ce in raka shi, hannu ɗaya ba zai riƙe sandar tuƙi da ƙaho ba. Na yarda. Ranar Asabar ce, takwas ga Afrilu, 1995, da hantsi. Iska tana kaɗawa daidai, sararin sama garau. Mutumin kamfani da mai hoto da 'yan kallo suka tsaya a ƙarshen kwata. Tudi ya fita shi kaɗai a jirgin, muka bi shi a baya har tsakiyar gulbin tekun da ke gaban garin, inda mutanen kwata suka koma kamar ƙudaje. Na ga ya miƙa hannu baya ba tare da ya juyo ba, ya tsiyaye kwalbar barasa guda cikin kumfa.

Herlé ya ba inji wuta. Muka ratsa sawun daga dama zuwa hagu, kusa har ina iya karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunan kamfanin. Ɗaya. Ya kewayo, muka ratsa daga hagu zuwa dama. Biyu. Ya sake kewayowa, ya taho da ƙarfi kamar na farko, injin yana ruri a bayan kunnen Tudi. Saura kamar tsawon kwalekwale ɗaya mu taɓa kumfar, sai ya karya sandar tuƙi, muka juya muka bi gefen sawun, ba mu taɓa shi ba. Ya yi tafiya kaɗan a haka, sannan ya kauce ta inda ya fito.

"Busa," ya ce mini.

Na ce masa biyu ne. Ya ce ya sani, shi ma ya iya ƙirga har nan. Na busa. Tudi ya juyo yana dariya, yana ɗaga hannu biyu sama.

Aka yi walima a kwata, aka raba biskit, hoton ya fito a jarida ranar Litinin. Herlé ya ci, ya sha, ya bar Tudi ya rungume shi. A hanyar gida na tambayi Herlé abin da yake nufi, ya ce in bari dai, kifi ba a fizgarsa tun yana shinshinar ƙugiya.

Kafin a karɓi mutum a tseren sai ya yi tafiyar gwaji ta mil dubu shi kaɗai, ba tsayawa a ko'ina: ya haura arewa ya kewaye wata alama a teku kusa da ƙasar Ailan, ya gangara kudu, ya dawo. Ranar talatin ga Yuni za a rufe karɓar shaidar wannan tafiya. Tudi ya shirya tashi ranar Talata, biyu ga Mayu, da safe. Ya loda jarkokin ruwa, ya jera abincinsa, har ya ari agogon ƙwai na Herlé. Muna bakin kwata, mu kamar goma. Herlé ne ya kwance masa igiyar ƙarshe, ya naɗe ta da kyau, ya miƙa masa. Jirgin ya fara ja baya, tsakaninsu ya kai taku biyu.

"Tudi," in ji Herlé, ba da ƙarfi ba. "Sau biyu na yanka. Yana nan da ransa, da rauni biyu a jikinsa. Allah ya kiyaye hanya."

Tudi ya yi dariya, ya ce Yaya ba ya rabuwa da wasa. Sai ya dube ni. Duk garin an san shekara ashirin ina kan sikelin nan ba a taɓa kama ni da ƙarin giram ko ragi ba. A lokacin na gane abin da ya sa aka ɗauke ni a kwalekwalen, ba don ƙaho ba ne.

"Mai Sikeli, nawa ne?"

"Biyu," na ce.

Ya ce to, in ma ɗaya ne, shi malamin lissafi ne, ba ya tsoron kumfa. Ya ja ƙyallensa ya tafi. Amma kafin ya fita bakin tashar na ga ya waiwaya sau uku, kuma ba mu yake kallo ba.

A rana ta uku ya dawo. Guntun tsohuwar komar kamun kifi ce ta naɗe masa matuƙin jirgi a ƙarƙashin ruwa. Babu wanda ya taɓa yin wannan tafiya bai gamu da irin haka ba. Akan sunkuya da wuƙa a yanke, a ci gaba. Shi ma ya yanke, amma sai ya juyo gida, wai yana son a duba. Herlé na zaune a kan akwatin kifi a bakin kwata yana gyaran ƙugiya. Ya yi masa sannu da hanya, ya tambaye shi lafiyar abin da ke biye da shi.

A mashaya aka zauna shari'a. Wani ya ce ai sai wani jirgin ya je ya cika na ukun. Tsoho Jakez ya ce ina, wanda ya fara shi ke gamawa, macijin da aka yi wa rauni ya san ƙarar injin da ya sare shi, in ya ji baƙon inji nutsewa yake. Gaskiyar magana, babu wanda ya taɓa jin an yanka biyu an bari, don haka babu wanda ya san hukuncinsa. A nan take Jakez ya ƙirƙiro shi, sauran suka ce haka kakanninsu suka faɗa. Kafin yamma maganar ta isa kunnen Tudi.

Duk da haka ya gwada. Ya samu wani likitan haƙori ɗan Paris da ya zo hutu da jirginsa mai gudu, ya roƙe shi. Mutumin ya ji daɗin wasan, ya yanka sawun har sau biyar. Da labari ya zo wa Jakez, ya tambaya tun yaushe likitan ya zama aminin Tudi, ko sunan mahaifinsa ya sani. Ya ƙara da cewa sau biyar ɗin nan, in akwai abin da aka kashe, to jaririn macijin biskit ne, tsohon yana ƙasa yana kallo.

Tafiya ta biyu ya yi kwana shida. Na'urar da ke riƙe masa tuƙi in zai kwanta ta lalace, abin da shi ma yakan faru, kuma akwai ta canji a jirgin. Amma ya dawo idanunsa sun faɗa, leɓensa ya tsage. Daga baya ya gaya mini da bakinsa cewa ba na'urar ba ce. Ya ce duk lokacin da ya saita agogon ya kwanta, kansa yana dab da bayan jirgin, katako ɗaya ne tsakaninsa da sawun, sai ya riƙa jin ruwan yana numfashi. Ya san ruwa ne. Ya san babu komai. Amma a cinyar Naig shi ma ya ji labarin makwi tun yana yaro, kuma mutumin da ya kwana huɗu bai runtsa ba, karatunsa ba ya bin sa.

Ranar Lahadi ta biyu a watan Yuni ina cin abincin rana a gidan Herlé, kamar yadda na saba, sai ga Tudi. Bai zauna ba. Ya ce saura masa tafiya ɗaya, in ta lalace shi ke nan. Ya ce ya yi laifi, ya sani. Ya roƙi Yaya ya fito da kwalekwale, aikin minti goma ne.

Herlé ya ci gaba da ɓare dankalinsa da hannu ɗaya. Ya ce babu buƙatar kwalekwale. A mayar da sunan, macijin da ke bin jirgin ya zama nasa ne na halal, ba wanda zai taɓa shi. Tudi ya ce kamfani ba zai yarda ba, in ya cire sunansu za su kwashe ƙyallayensu da kayan cetonsu, ba kuma a barin jirgi ya tashi babu su. Sai ya kawo shawara: zai rubuta sunan Inna a ciki, a jikin katakon da ke saman makwancinsa, inda zai riƙa ganinsa kullum.

Herlé ya ajiye wuƙar.

"Shekara arba'in da ɗaya tana bayan masana'anta, sunan wani ne a jikin gwangwani. Yanzu kuma ka sa ta a ƙuryar ɗaki, biskit a waje? Ita ta wanke maka gadon da kake wa fitsari har ka shekara goma sha ɗaya, Tudi."

"Yaya, in na mutu a can fa?"

"Ba wanda ya aike ka."

Na sa baki, na ce abin ya isa haka, jini ɗaya ne su. Herlé ya ce mini in ci abincina, rama cuta ga macuci ibada ne, in ban yarda ba in tambayi Fada. Tudi ya fita bai rufe ƙofa ba.

Ya tashi ranar sha huɗu ga Yuni. Wannan karon ya kewaye alamar Ailan, ya gangara kudu, ya juyo. Iska ta yi masa kirki, babu abin da ya karye, babu abin da ya naɗe. Saura mil ɗari da arba'in ya iso gida sai ya karkata ya shiga tashar wani tsibiri, ya ɗaure jirgi, ya hau tudu, ya kwanta a kan benci a gaban ofishin tashar. Awa goma sha tara ya yi yana barci. Tsayawar nan ta rushe tafiyar duka, kuma ya san haka lokacin da yake ɗaure igiyar.

A farkon Yuli mutanen kamfani suka zo da mota, suka kwashe kayansu. Harufansu na mannawa ne, ruwan ɗumi suka zuba suka ɓare su cikin minti goma sha biyar. Jirgin ya zauna a kwata rawaya fes, babu suna ko ɗaya. Wannan kuwa a wurin masunta ya fi komai muni. Na kusa da shi suka kwance jiragensu suka matsa.

Mako biyu yana haka. Sai wata Asabar da hantsi, lokacin da kwata ta fi cika, Tudi ya zo da gwangwanin shuɗin fenti da ɗan buroshi da takardun jirgin a ambulan. Ya miƙa wa Herlé duka. Herlé ya karɓi ambulan ya sa a aljihu, ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna masa, ya ce wannan ba ya rubutu kuma, wanda ya kankare shi zai rubuta. Ya jawo akwatin kifi ya zauna.

Tudi ya durƙusa a cikin wani ƙaramin kwalekwale a bayan jirgin, ruwa na jijjiga shi, mutum kamar talatin a tsaye a kansa. Babu wanda ya yi dariya, ko Jakez. Ya rubuta. Herlé ya leƙa ya ce harafin farko ya jingina kamar mashayi, a goge. Ya goge ya sake. Herlé ya ce na ƙarshe ya fi sauran ƙiba. Sau huɗu ana gogewa a baya kaɗai, ga gefe biyu suna jira. Rana ta take, ta karkata. Wajen ƙarfe biyar Tudi ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa sun jiƙe, fenti har gwiwar hannu. Herlé ya zagaya jirgin a hankali, ya dawo, bai ce ya yi kyau ba, amma bai ce a goge ba.

"Yaya, shi ke nan mun gama?"

"Kai da ita kun gama," in ji Herlé. "Wanke buroshin kafin ya bushe."

Daga ranar ba su ƙara magana ba. A jana'izar dangi sukan zauna a benci ɗaya, kowa na kallon gabansa. Tudi ya nemi canjin wurin aiki zuwa Rennes, bai ƙara taka jirgin ruwa ba, yadda na ji.

A watan Satumba aka tashi tseren. Herlé ya ɗaura wa jirgin tsofaffin ƙyallayen da wani ya ba shi, ya ce in zo mu raka masu tseren. Jirage hamsin da takwas na ƙirga. Muka bi bayansu har bakin gulbin, inda ƙasa ke ƙarewa ruwa ya sauya launi. Jirgin yana gudu da kyau, har mun wuce uku daga cikin na baya, ga mu mutum biyu da tsummoki. Na ga Herlé ya lura da haka. Ya daɗe yana kallon yamma, sandar tuƙi a hannunsa na hagu. Na ce masa da ya yanka na ukun nan, da yanzu aikin hannunsa yana cikinsu, da jirgin ya ga ƙetare ko da wani ne a ciki.

"Gara ya ruɓe a nan da sunanta," ya ce.

Sannan ya ce in sunkuyar da kaina kada sandar ƙyallen ta buge ni, zai juya gida.